Yadda Kwamfuta Ke Tsare Kuɗin Kotu

A da, hannun akawu ake danƙa wa kuɗin ƙara da na tara, shaida kuwa rasidi ne da kan iya salwanta. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta wajabta zuba kuɗaɗenta a Asusun Bai-ɗaya. Mai ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Gusau kan karɓi lamba mai alƙaluma 12 daga manhajar Remita, ya biya a banki ko ta waya, kwamfuta ta adana shaida. Sai dai tsarin ya dogara ne da layin sadarwa. Da aka katse layukan Zamfara a Satumban 2021, wayar mutumin Sakajiki, Shinkafi da Zurmi ta yi shiru. Ashe doka kaɗai ba ta wadatar, sai da sadarwa da lantarki.