Arthur Froehlich, mai zanen filayen sukuwa

A nan ƙasarmu, in an sami fage mai faɗi da dawaki da makaɗa, to sukuwa ta kankama. A Amurka kuwa har an yi wani mutum da ya mai da zanen filayen sukuwa sana'arsa, shi ne Arthur Froehlich, wanda aka haifa a birnin Los Angeles a 1909, ya rasu a 1985.

Sunansa ya fito ne bayan gobarar da ta cinye rumfar ƴan kallo ta filin Hollywood Park a 1949, don shi ya zana wadda aka sake ginawa. Daga nan aiki ya yi ta biyo shi. A jihar New York ya zana Roosevelt Raceway a 1957, da Aqueduct a 1959, da babbar rumfar Belmont Park a 1968. A gaban wannan rumfa ce dokin nan Secretariat ya tsere wa abokan kararsa da tazarar tsawon doki 31 a 1973.

A ganinmu, gwanintarsa ta fi bayyana a La Rinconada, filin birnin Karakas na ƙasar Benezuwela, wanda aka buɗe a 1959. Rufin siminti ne ya miƙo bisa kawunan jama'a, babu ginshiƙi a gaba da zai tare wa mutum gani. Doki dai ƙasa mai kyau kawai yake so. Ɗan kallo Froehlich yake yi wa gini, don ya zauna cikin inuwa, ya ga tsere tun daga tashi har ƙarshe.

To, ɗan kallon ne ya daina zuwa. Talabijin ya shiga gidaje, kuma a 1971 New York ta buɗe shagunan caca a cikin gari, inda mutum zai zuba kuɗinsa bai ko ji ƙarar kofato ba, kamar yadda wasu ke yi nan da sukuwar Faransa. Rumfunan suka yi wa jama'a yawa. An rufe Roosevelt a 1988, Hollywood Park a 2013, aka rushe rumfar Belmont a 2024.

Ya zana gidajen kasuwanci kuma. Wanda aka fi tunawa shi ne ginin kamfanin Hanna-Barbera na 1963 a Los Angeles, inda aka riƙa zana majigin yara irin su Scooby-Doo.