Fatar tsoho a lokacin ɗari

Fata ita ce rigar da mutum yake zuwa duniya da ita. Tana kare jiki daga ƙura da rana da ƙwayoyin cuta. Tana fid da zufa don jiki ya yi sanyi. Tana kuma fid da wani maiƙo mai sa ta laushi.

Fata tana sabunta kanta kullum. Ga saurayi ko budurwa, cikin wajen mako 4 ta sama takan kakkaɓe, sabuwa ta maye ta. In mutum ya tsufa, wannan aiki sannu-sannu yake tafiya. Fata tana rage kauri, maiƙonta yana raguwa, kitsen da ke ƙarƙashinta yana zubewa. Shi ya sa take yamushewa, tana bushewa, tana ƙaiƙayi. Raunin da yaro zai warke cikin ƴan kwanaki, ga tsoho sai ya daɗe.

Ɗari shi ne lokacin da ya fi wahal da fatar tsoho. Daga watan Nuwamba zuwa na Fabrairu, iskar hunturu tana busowa daga hamada, babu laima a cikinta. Sai ƙafa ta yi kaushi, diddige ya yi faso, leɓe ya tsage. Faso ƙofa ce: in datti ya shiga, yana iya zama gyambo.

Maganin wannan ba shi da tsada. Tsoho ya yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ƙwarai ba. Ya sa sabuni kaɗan, kada ya dirje jiki da soso mai kaushi. Da ya gama, tun jiki da sauran laima, ya shafa man kaɗe ko man gyaɗa. Man yana tsare ruwan cikin fata. Ya sa takalmi, ya sa malfa in za shi cikin rana. Ya riƙa shan ruwa ko bai ji ƙishirwa ba, don tsoho ba ya saurin jin ta. Kada ya matsa wa wuta sosai wajen jin ɗumi.

Idon tsoho ba ya gani kamar dā. Nan ne jikoki suke da aiki. Da maraice su duba ƙafafun kaka, har tsakanin yatsu, su shafa mata mai a diddige. Wannan ya fi zama tilas ga mai ciwon sukari, don ƙaya tana iya sukarsa bai ji ba. Tsohon da ke kwance kuwa a riƙa juya shi kowace awa 2, don kada bayansa ya yi miki.

In miki ya kumbura, ko ya yi ruwa, ko ya ƙi warkewa, kada a zuba masa toka ko ƙasa. A kai mai shi likita da wuri.

Tambayoyi
1. Me ya sa fatar tsoho take bushewa?
2. Yaushe ya kamata a shafa mai?
3. Wane taimako jika zai yi wa kakarsa a lokacin ɗari?