Sai Masu Gida: Ƙungiyar da Ta Fitar da Al Ahly a Alƙahira

A shekarar 1990 da aka kafa Kano Pillars, Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa duk ƙasar Jihar Kano ce. Sai ranar 27 ga Agustan 1991 aka yanke Jigawa. Shi ya sa idan mutumin Kazaure ya ce "ƙungiyarmu", ba aron ta ya yi ba, da shi aka haife ta. Jigawa tana da tata, Jigawa Golden Stars ta Dutse, kuma ana yi mata fatan alheri. Amma hanyar da ta taso daga Daura ta ratsa Kazaure da Dambatta, Kano take kaiwa, kuma ta nan matasan wannan yanki suka saba bi ranar wasa zuwa filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

Ƙungiyoyi uku aka narkar aka yi Pillars: WRECA, ta hukumar da ke gina madatsun ruwa a tsohuwar Jihar Kano, da Kano Golden Stars, da ta Bankin Arewa. A shekarar ce Najeriya ta fara gasar ƙwararru, manyan harkar wasanni na Kano irin su Alhaji Ibrahim Galadima suka ga gara a haɗa ƙarfi wuri guda da a shiga a rarrabe. An yi shekara goma sha takwas ana jira kafin kofin gasar ya zo Kano a 2008, a hannun mai horarwa Kadiri Ikhana.

Wannan kofi ne ya buɗe musu ƙofar gasar zakarun Afirka ta 2009, kuma a nan abin da har yau ake ba da labarinsa ya faru. A zagayen ƙarshe kafin shiga rukuni, aka haɗa su da Al Ahly ta Masar. Duk mai bin ƙwallon Afirka ya san Ahly ta wancan lokaci. Ita ke riƙe da kofin, ta ɗauke shi sau shida, uku daga ciki a 2005 da 2006 da 2008. Manuel José na Fotugal ne mai horar da ita, Mohamed Aboutrika na cikin 'yan wasanta. Pillars kuwa baƙuwa ce a wannan fage. Wasan farko a Najeriya aka tashi 1-1, sakamakon da ya fi yi wa Misirawa daɗi, domin sun zura ƙwallo a waje kuma sauran aikin a gidansu za a ƙarasa. Mutane da yawa sun ɗauka zuwa Alƙahira cika ƙa'ida ne kawai.

Aka je Alƙahira aka tashi 2-2. Jimilla 3-3 ke nan, amma dokar lokacin ta fifita wanda ya fi cin ƙwallo a gidan abokin karawa, kuma Pillars ta ci biyu, Ahly ɗaya. Mai riƙe da kofin Afirka ta fita a gaban magoya bayanta. Sunan Victor Namo, ɗan wasan gaban Pillars, ya shiga bakin mutane daga ranar. Kuma ba sa'ar rana ɗaya ba ce, don a rukuni sun haɗu da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da ZESCO United ta Zambiya, suka ƙare a kan gaba. Abin takaicin shi ne, wanda ya tare su a wasan kusa da na ƙarshe ɗan gida ne: Heartland ta Owerri ta ci su 4-0, ta zo Kano ta ƙara 1-0. Har yanzu Pillars ba ta sake kaiwa wannan mataki ba.

A kakar da ta biyo baya wani yaro ɗan Jos mai gudun tsiya ya ci ƙwallo 18, adadin da ya kafa tarihi a gasar a lokacin. Ahmed Musa ke nan. Daga Kano ya wuce Holan, sannan CSKA Moscow da Leicester City, ya ci Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018. Tafiyarsa ba ta rage wa Pillars ƙarfi ba. Sun ɗauki kofin gasar a 2012 da 2013 da 2014 a jere, biyun farko tare da Baba Ganaru, na uku tare da Okey Emordi. Wannan ne zamanin Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, da Gambo Muhammad da mai tsaron gida Theophilus Afelokhai. Ni a ganina Rabi'u Ali ya fi kowa cancantar a kira shi ginshiƙin ƙungiyar, domin wasu sun zo sun wuce, shi kuwa ya zauna har ya haura shekara arba'in yana taka leda da rigar nan mai ruwan ɗorawa da kore.

Kirarin "Sai Masu Gida" ba a banza ya zauna ba. Daga 2003 zuwa watan Agustan 2015, shekara goma sha biyu, babu ƙungiyar da ta ci Pillars a gida a wasan gasar Najeriya, wasa 202 a jere, sai da Nasarawa United ta zo ta yi 2-1. Shekarar 2015 ɗin dama ta zo da nauyi. A watan Maris 'yan fashi sun buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyar Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo Muhammad. A watan Fabrairun 2018 kuma ɗan bayansu Chinedu Udoji ya rasu a haɗarin mota a cikin Kano, sa'o'i kaɗan bayan ya buga wasa da Enyimba, tsohuwar ƙungiyarsa.

A wannan shekara ta 2018 suka kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, wanda ake kira Aiteo a lokacin, da Enugu Rangers a Asaba. Pillars ta ci uku babu ko ɗaya. A gidajen kallo na Kano da Kazaure an fara murna, wasu har sun fara kiran 'yan uwa a waya. Cikin kwata na ƙarshen wasan Rangers ta farke ukun duka, aka je bugun fanareti ta yi nasara 4-2. Wanda ya kalli wasan nan ba ya son a tuna masa. Abin da ya sa nake girmama waɗannan 'yan wasa shi ne abin da suka yi bayan wata tara. A watan Yulin 2019 suka sake kaiwa wasan ƙarshe, wannan karon da Niger Tornadoes a filin Ahmadu Bello na Kaduna, mai horarwa Ibrahim Musa Jugunu yana kan benci kamar a 2018. Aka tashi babu ci, aka sake komawa fanaretin da ya kayar da su, suka ci 4-3. Rabon Kano da wannan kofi tun 1953, shekara 66.

Sai kuma 2022. A watan Afrilu, a wasa da Katsina United a Ƙofar Mata, wasu 'yan kallo suka tayar da rikici, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta kwashe wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta kore ta daga Kano. A ƙarshen kakar ƙungiyar da ta fitar da Ahly ta faɗa rukuni na biyu. Ta dawo a 2023, Ahmed Musa da wani tsohon ɗan wasanta, Shehu Abdullahi, suka dawo gida suka sa riga, a 2025 aka naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar. Amma a watan Oktoban shekarar, bayan an tashi 1-1 da Shooting Stars ta Ibadan, aka sake afka wa alƙalan wasa da baƙi, aka sake kwashe maki uku aka rufe filin.

Waɗanda ke wannan aika-aika tsiraru ne cikin dubban da ke cika filin, amma kowa ake hukuntawa: ɗan wasan da ya yi gumi ya samo makin, mai sayar da ruwa da rake a bakin ƙofa, da saurayin da ya tara kuɗin mota daga Roni ko Babura don ya ga Pillars ido da ido. Manyan magoya baya sun san masu tayar da fitinar nan, unguwa ɗaya suke kwana. Su tsawatar musu tun kafin a shiga fili, hukumar ƙungiyar kuma ta hana duk wanda aka kama sake shiga Ƙofar Mata.