Ruwan Da Ba Ya Kumfa: Hukuncinsa Da Maganinsa Ba Da Gishiri Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Bayan haka, kwanan baya wani magidanci daga wani ƙauye kusa da Rogo ya kawo mini ɗansa karatun allo. Da muka gama gaisawa sai ya ciro buta daga cikin buhu, ya ce in duba cikinta. Na duba, sai ga farin ɓawo ya lulluɓe gindinta kamar an shafa alli. Ya ce, "Allah gafarta malam, ruwan sabuwar rijiyar burtsatsenmu ke nan. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, wake ba ya nuna da wuri, farar riga sai ta koma toka-toka. Mata sun ce abin da ya kama buta zai kama ƙoda, sun koma ɗiban ruwan kududdufi. Ni kuwa har alwala ina shakka."

Wannan magana ta tsorata ni, ba don buta ba, don kududdufi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da fari hukunci. Duk wanda ya karanta Ishmawi ko Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, ya san ruwan da ya jirkita saboda ƙasar da ya ke zaune a cikinta, ko mai gishiri ce ko taɓo, yana nan da tsarkinsa, yana kuma tsarkakewa. Abin da ke hana alwala shi ne baƙon abu da ya faɗa cikin ruwa ya sāke launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa. Farin ɓawon nan kuwa ɗan gida ne, daga dutsen rijiyar ya fito. Saboda haka alwala ta inganta, wanka ya inganta, a bar waswasi.

To, mene ne shi? Ruwan sama idan ya sauko ba shi ɗauke da kome na dutse, shi ya sa sabulu kaɗan ya ke isarsa. In ya nutse cikin ƙasa sai ya riƙa narkar da ma'adinai biyu, masana suna kiransu kalsiyam da magniziyam. Na farkon shi ne asalin alli da ɓawon ƙwai da ƙashin jikinmu. Su ne ke kama sabulu su mai da shi dauɗa, in kuwa aka ɗora ruwan a wuta sai su rabu da shi su kwanta a gindin tukunya. Ana auna su da miligiram cikin lita guda: ƙasa da 60 ruwa mai laushi ne, sama da 180 mai tauri ne ƙwarai. Rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya suna iya saɓawa, gwargwadon dutsen da kowace ta tarar. Ruwan tafki kamar na Kusalla, ko madatsar Challawa da aka gama a 1992 a ƙasar Karaye, galibinsa taruwar ruwan sama ne, don haka ya kan fi na ƙarƙashin ƙasa laushi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba wannan al'amari, ba ta ga cutar da za ta sa ta yanke wa taurin ruwa iyaka saboda lafiya ba. Cikin mutum ba buta ba ne. Abin da likitoci ke faɗa wa mai tsoron tsakuwar ƙoda shi ne ya yawaita shan ruwa, ya rage gishiri. Amma kududdufi, duk da laushin ruwansa a baki, shi ne gidan tsargiya da amai da gudawa da zazzaɓin taifot. Dattawa ba su manta da kurkunu ba, wanda ya kan kwantar da manomi tsakiyar damina. Ba a tabbatar Nijeriya ta rabu da shi ba sai a 2013, kuma rijiya da tace ruwa ne suka kore shi. Wanda ya bar rijiya rufaffiya don ɓawon buta, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Sauran magani. A Turai da Amurka an daɗe ana kafa wata na'ura mai cin gishiri, wadda ke cire ma'adinan nan ta zuba sinadarin gishiri a madadinsu. Tana aiki, amma kullum sai an ciyar da ita buhun gishiri, tana ƙara wa ruwan sha abin da aka hana mai hawan jini, ruwan wankinta kuma yana ɓata ƙasar shuka, har waɗansu garuruwan jihar Kalifoniya suka hana ta. Daga nan aka fito da wata wadda ba ta cin gishiri, tulu ne cike da 'yan ƙwayoyi kamar gero. In ruwa ya ratsa su sai allin ya dunƙule ƙanana ƙanana, ya wuce ba tare da ya manne a bututu ba. Amma a lura da kyau: ba ta fitar da kome daga ruwan, saboda haka sabulu ba zai yi kumfar ruwan sama ba. Tana kuma bukatar ruwan famfo mai gudu, ruwa mai tsatsa yana kashe ta. Amfaninta ga mai gidan da ke da tanki da bututu da tukunyar ɗumama ruwa. Amma mai tallan maganaɗisun da a ke ɗaura wa bututu, masana ba su haɗu a kan ingancinsa ba, kada a sayar da akuya a saye shi.

Mu talakawa masu tulu da randa, maganinmu yana kusa. Na ɗaya, tafasawa: tana saukar da babban rabo na allin a galibin rijiyoyi, tana kuma kashe ƙwayoyin cuta. A bar ruwan ya huce, a tsiyaye na sama. Na biyu, ruwan wanki: a jiƙa 'yar kanwa ko a tace ruwan toka a zuba, a jira farin ya kwanta, sa'an nan a sa sabulu. Wannan na wanki ne kaɗai, ba na sha ba. Hikimar nan ce ta sa iyayenmu mata ke jefa kanwa a tukunyar wake. Na uku, buta da ta yi ɓawo: a matsa lemun tsami ko a jiƙa tsamiya a ciki, a tafasa, a kwana, a ɗauraye. Na huɗu, tarar ruwan damina daga rufin kwano, bayan an bar na farko ya wanke ƙura, a ajiye shi a rufe don wankin fararen kaya.

A kiyaye kuskure guda: alam yana kwantar da laka ne, ba ya rage tauri. Akwai kuma dabarar da wani malamin Abadin ta ƙasar Sikotlan, Thomas Clark, ya fito da ita a 1841, watau zuba ƙonanniyar farar ƙasa don ta janye allin. Manyan gidajen ruwa suna aiki da ita, amma sai da awo, ba aikin kintace a gida ba ne.

In kuwa ruwan rijiya yana da zartsi mai tsanani, ko wari, ko launi, wannan wata magana ce daban. Sai mai unguwa ya sa a ɗebi kwalba guda a kai wa ma'aikatan ruwa ko na tsabta su auna.

Baƙon nan nawa na sa almajirai sun tsinko lemun tsami huɗu, muka tafasa a butarsa. Da safe ya ga ƙarfenta fes. Na ce ya kai wa matan gida su gani da idonsu, su komo rijiya. Limamai da malaman allo, ku taimaka da faɗakarwa a bayan salla.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin. Haza wasalamu.