Abin da ya kamata ku sani game da haƙƙin masu lalura a gidajen hayar gwamnati a Ingila

Kimanin iyalai miliyan 4 ne a Ingila ke zaune a gidajen haya masu rangwame, wato gidajen ƙananan hukumomi da na ƙungiyoyin samar da muhalli. Fiye da rabin waɗannan iyalai suna da wani mai naƙasa ko mai fama da doguwar rashin lafiya. A cikinsu akwai 'yan Afirka da dama, har da Hausawa da suka yi hijira ko suka tsufa a can. Da yawa suna haƙuri da bene mai wahalar hawa, da banɗaki mai santsi, da bango mai fumfuna, suna ganin gyaran alfarma ce da za a yi musu. Ba alfarma ba ce. Doka ce ta ɗora wa mai gida da ƙaramar hukuma wannan nauyi.

Darussa biyu masu ɗaci

Ranar 14 ga Yunin 2017 gobara ta tashi a dogon benen Grenfell mai hawa 24 da ke yammacin Landan, ta yi sanadin mutuwar mutum 72. Daga cikin mazauna benen 37 masu naƙasa, 15 sun rasu. Babu wani tsari da aka tanada na yadda wanda ba ya iya sauka da ƙafarsa zai tsira idan wuta ta kama.

A watan Disambar 2020 kuma, wani yaro ɗan shekara 2 mai suna Awaab Ishak ya rasu a garin Rochdale sakamakon ciwon numfashi da fumfunar gidansu ta jawo masa. Iyayensa daga Sudan suka fito. Tun 2017 mahaifinsa yake kai ƙorafi, amma maimakon a gyara, sai aka riƙa ɗora laifin a kan yanayin zaman iyalin. Yawancin sababbin dokokin kare 'yan haya da ake da su yau, bayan waɗannan rayuka sun salwanta ne aka kafa su.

Mene ne wajibi a kan mai gida?

Tun daga 1 ga Oktoban 2022, dole ne a sanya na'urar gano hayaƙi a kowane hawa na gidan da ake zama a cikinsa. Haka kuma ɗakin da ke da tukunyar ɗumama gida ko murhun da aka kafe, ban da na girki mai gas, dole a sa masa na'urar gano iskar kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da wari, ba ta da launi, tana iya kashe mutum yana cikin barci. Idan kuka sanar cewa na'urar ta lalace, gyara ko sauyawa na kan mai gida.

Sau ɗaya a shekara, tilas ƙwararren mai gyara da ke da rajistar Gas Safe ya duba kayan gas na gidan, a kuma ba ku takardar shaida cikin kwana 28. Idan kuka ji warin gas, ku buɗe tagogi, kada ku kunna ko ku kashe wutar lantarki, ku fita ku kira 0800 111 999.

Game da danshi da fumfuna, dokar da aka sa wa sunan Awaab ta fara aiki ranar 27 ga Oktoban 2025. Ta ce idan haɗarin na gaggawa ne, sai an bincika an magance shi cikin awa 24. Idan danshi ne ko fumfuna mai iya cutar da lafiya, sai an bincika cikin kwanakin aiki 10, a rubuto muku sakamakon cikin kwanakin aiki 3 bayan haka, a kawar da haɗarin cikin kwanakin aiki 5. Idan ba za a iya ba a wannan wa'adi, mai gida ne zai nema muku wurin zama na wucin gadi da kuɗinsa.

Wane gyara ake yi wa mai lalura?

Gyaran iri biyu ne. Ƙanana sun haɗa da ƙarfen dafawa a banɗaki da gefen matakala, da kan famfo mai sauƙin murɗawa, da ɗan gangare a bakin ƙofa. Ƙarƙashin dokar kula da mabuƙata ta 2014, duk ƙaramin gyaran da bai wuce fam 1,000 ba kyauta ne, matuƙar an tantance cewa mutum yana buƙatarsa. Kada a raina waɗannan. Ƙarfe ɗaya a gefen wurin wanka yana iya hana tsohuwa faɗuwar da za ta karya mata ƙugu ta kwantar da ita watanni.

Manyan gyare-gyare su ne irin su faɗaɗa ƙofa don keken guragu ya wuce, da cire bahon wanka a sa shawa mai daidai da ƙasa, da kafa kujerar lantarki mai hawa bene, da saukar da wurin girki, ko gina ɗakin kwana a ƙasa. Ga waɗannan akwai tallafin da ake kira Disabled Facilities Grant, wanda ke kai wa fam 30,000 a Ingila, fam 36,000 a Wales. Scotland tana da nata tsarin daban. Ana duba kuɗin shigar baligi da ajiyarsa da ta haura fam 6,000 kafin a yanke abin da za a ba shi. Amma idan yaro ne ɗan ƙasa da shekara 18, ba a lissafa samun iyayensa. Tallafin bai tsaya ga guragu ba: makafi, da kurame, da masu larurar ƙwaƙwalwa, da tsofaffin da mantuwa ta kama duk suna ciki.

Ta yaya ake nema?

A fara da tuntuɓar sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, a nemi a zo a tantance buƙata. Wannan tantancewa kyauta ce. Za a turo jami'in lafiya da ya ƙware kan yadda mai lalura ke tafiyar da rayuwarsa a gida, ya ga yadda ake shiga, da wanka, da girki, da kwanciya.

A nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Kunya da kawaici sukan sa dattijo ya ce "lafiya lau, mun gode Allah", alhali da rarrafe yake hawa bene. Jami'in kuwa abin da aka faɗa masa yake rubutawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A bayyana yadda ranar da jiki ya fi tsanani take kasancewa. A faɗi wahalar tsugunawa, da ta wanke ƙafa wajen alwala, da yawan faɗuwa. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi tafinta, mace kuma tana iya roƙon a turo mata mace.

Da zarar takardun neman tallafi sun cika, ƙaramar hukuma tana da wata 6 ta ba da amsa a rubuce. Kada a fara aiki kafin amincewa ta fito, don ana iya rasa kuɗin. Ana kuma buƙatar izinin mai gida, sai dai doka ta hana shi ƙin yarda ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Idan ginin ba zai gyaru ba, a nemi a sauya wa mutum gidan da ya dace da shi.

Idan wuta ta tashi fa?

Hukumomin kashe gobara suna zuwa gida kyauta su duba haɗari, musamman ga tsofaffi da masu lalura. Ga kurame akwai na'ura mai walƙiya da wata mai girgiza da ake sa wa ƙarƙashin matashin kai. Wanda ke zaune a dogon bene kuma ba ya iya sauka shi kaɗai, ya sanar da masu kula da ginin tun yanzu, ya nemi a rubuta yadda za a fitar da shi. A kuma guji barin garwashin turare ko kyandir babu kowa a kusa, kada a yi cajin keken lantarki a hanyar fita.

Idan aka yi biris da ku

Kowane ƙorafi ku yi shi a rubuce, ku ɗauki hoto, ku ajiye kwanan wata da takardar likita. Mai gida yana da kwanakin aiki 10 ya amsa a matakin farko, da 20 a mataki na biyu. Idan ba ku gamsu ba, ku kai ƙara ofishin Housing Ombudsman mai sauraron koken 'yan haya, ba a biyan ko sisi.

Duk wanda ke da uwa ko uba, ko ɗa, ko maƙwabci mai lalura a irin waɗannan gidaje, ya zauna da shi a wannan makon su rubuta takardar neman tantancewa, kada a jira sai an faɗi ko an kwanta asibiti.