Ko Ka Sani? Farfelar da Ke Auna Ruwan Rafi da Rani

Na'urar auna gudun ruwa ƴar ƙaramar farfela ce da ake ɗaurawa a jikin sandar ƙarfe a tsoma cikin rafi. Ruwa na tura ta tana juyawa, wani ma'auni kuma yana ƙirga juyin. Daga yawan juyin a cikin daƙiƙa ake gane saurin ruwan. Wani injiniya Bajamushe, Reinhard Woltman, shi ya fito da irinta a 1790, kuma har yau ana aiki da jikokinta.

Saurin ruwa kaɗai bai isa ba. Mai awo yakan ja igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya raba faɗin rafin gida-gida, ya auna zurfin kowane gida. Inda ruwa bai da zurfi, yakan saukar da farfelar zuwa kashi 6 cikin 10 na zurfin daga sama, domin a nan ne gudun ya fi kusa da matsakaici. Gidan da faɗinsa ya kai mita 2, zurfinsa rabin mita, ruwan kuma na tafiyar rabin mita a daƙiƙa, yana wuce da lita 500 kowace daƙiƙa. Jimillar gidajen ita ce ruwan rafin.

Awon da ya fi muhimmanci a ƙasar Kano shi ne na bazara, lokacin da ruwa ya ja baya, domin da shi ake sanin kadada nawa za a iya nomawa da rani ba tare da an bar mutanen da ke ƙasan rafin da ƙishi ba. Kogin Watari, wanda aka datse a Bagwai aka kammala madatsarsa a 1980, yana zuba cikin Challawa. Challawa ta haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗejiya, wanda ke ciyar da fadamun Haɗejiya da Nguru. Abin da mai tumatir da albasa ya ɗiba a Bagwai yana cikin lissafin masunci da makiyayi a can gabas.

A nan ne kuma na'urar ke gazawa. Ƙasar Bagwai tana kan dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa da yawa, don haka ƙoramu da dama kan tsaya cak bayan kaka. Farfela ba ta juyawa a ruwan da bai rufe idon sawu ba. Sai a koma ga faranti mai tsagi kamar bakin almakashi, a tare ruwan ya bi ta tsagin a auna tsayinsa, ko a tara bokiti a duba agogo. Ko an rubuta sifili a littafi, ruwa yana nan yana silalewa ƙarƙashin yashi. Duk wanda ya ga ana tona rami a tsakiyar busasshen rafi ana cika tulu ya san haka. Wannan ruwan sai da bututu da aka kafa cikin yashin ake bin sawunsa.

Ba kowane rafi ke da tashar awo ba. Masana kan ɗauki bayanan shekaru daga tashoshin da ake da su, su fitar da adadin da ruwa ke kaiwa ko wucewa a kwana 95 cikin 100. Daga nan sai su kintaci na rafin da ba a auna ba ta hanyar kwatanta faɗin ƙasar da ke zuba masa ruwa, yawan ruwan sama, da irin dutsen da ke ƙarƙashinsa. Kintacen yana da rauni a kogin da aka datse, domin ruwan ranin da ke ƙasa da madatsar Watari ya dogara ne ga yadda aka buɗe ƙofar madatsa. Shi ya sa ake haɗa littafin sakin ruwa na madatsar da awon rafin kafin a yanke adadin ruwan.