A Daina Jefa wa Kyanwa Ɗanyen Nama

Duk gidan da ke da kyanwa a Ƙofar Gayan da sauran unguwannin cikin ganuwar Zazzau, wannan magana tasa ce. An yanka kaza, an jefa wa kyanwa hanji. Wata kazar ta mutu a akurki cikin dare, an ce ai mushe ce, a bar wa muzuru. Maigida ya dawo daga wurin mahauci da ƙunshin tarkace, an zube a bakin rariya. Mun saba da haka har ba ma ganinsa. Ga kuma sabon yayi da ya shigo ta waya: masu kiwon kyanwoyin waje masu yawan gashi suna cewa ɗanyen nama ne abincin asali, na gwangwani kuwa cuta ne. A yi hattara. Ɗanyen ne ya fi kisa.

Murar tsuntsaye ba baƙuwarmu ba ce. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a gonar Sambawa da ke Jaji, a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Nan aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a kajin Afirka baki ɗaya. A farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Ta dawo a 2015. Ta sake dawowa a 2021. Kyanwa kuwa ba ta da juriyarta. A 2004, a gidan namun daji na Sriracha a Tailan, an ciyar da damisoshi ɗanyun kaji masu cutar, fiye da 140 suka mutu ko aka kashe su. A 2023 kyanwoyi sun yi ta mutuwa a Foland da birnin Seoul. A ƙarshen 2024, a jihar Oregon ta Amurka, wata kyanwa da ba ta ko fita waje ta mutu bayan ta ci ɗanyen naman talo-talo na kamfani, wanda aka daskarar aka rufe a leda. Ƙanƙara ba ta kashe wannan ƙwayar cuta. Wuta ce ke kashe ta.

Idan ta kama kyanwa, abin ba ya jan lokaci. Ta daina cin abinci. Ido da hanci su yi ta ruwa. Numfashi ya yi wuya. Ta fara tangaɗi, tana zagaye, wani lokaci ta makance. Kwana kaɗan ta mutu. To wa ke rungumar kyanwa idan ba ta da lafiya? Yara. Ba kasafai cutar ke tsallakowa daga kyanwa zuwa mutum ba, wannan gaskiya ne. Amma babu uban da zai so a gwada a kan ɗansa.

Akwai wata cutar da ta fi wannan ɓoyewa, kuma ita ta fi damuna. Likitoci na kiran ƙwayarta Toxoplasma. Kyanwa na ɗaukarta daga ɗanyen nama da ɓera. Ba lallai ta nuna alamar komai ba. Sai ta yi mako ɗaya zuwa uku tana zubar da ƙwayoyin a kashinta, miliyoyi. Ina take kashin? A yashin da aka jibge don gini. A gindin bishiyar tsakar gida. A ƙasar da yara ke wasan gidan-gida. Ƙwayoyin kan yi watanni a ƙasa mai laima ba su mutu ba. Lafiyayyen babban mutum zai iya kamuwa bai ma sani ba. Mai juna biyu da ta kamu a karon farko kuwa, cikin na iya zubewa. Jaririn na iya zuwa da lalatacciyar ƙwaƙwalwa ko raunin ido. Ku dubi layin matan da ke zuwa awo a Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke nan Ƙofar Gayan. Nawa ne a cikinsu suka share tsakar gida da safen nan, suka kwashe shara da hannu? Mai ciki ta bar kwashe kashin kyanwa. Wani ya kwashe, kuma kullum, domin sai ya kwana ɗaya zuwa biyar ƙwayar ke fara kamawa.

Sai gudawa. Ɗanyen kayan cikin kaza na ɗauke da Salmonella. Kyanwa ta ci, ta lashe jikinta, ta sa baki a kwanon da aka bari a buɗe. Jariri mai rarrafe ya bi sawunta. Daga baya a ce haƙori ne.

Ita kanta kyanwar ba ta ƙaruwa da tsoka zalla. Ƙashinta zai yi laushi, musamman 'yar ƙarama. Hanta kullum na sandarar da wuya. Wasu ɗanyun kifaye na cinye sinadarin da jijiyoyinta ke buƙata.

Abincin gwangwani ya fi aminci, don an dafa shi da zafi mai tsanani bayan an rufe. Amma shi ma da tarkonsa. Kifin gwangwanin da muke cin burodi da shi ba abincin kyanwa ba ne. Gishiri da mai sun yi masa yawa. Na kare ma bai isa ba, domin kyanwa na buƙatar wani sinadari mai suna taurin da ake samu a nama, rashinsa kuma na kawo makanta da ciwon zuciya. Shi ya sa tuwo da miya kaɗai ba sa riƙe ta. A duba kwanan watan da ke jikin gwangwani. Wanda ya kumbura, ya lotsa ko ya yi tsatsa, a bar wa mai kanti kayansa. Wanda aka buɗe kuma, a zafin bazarar Zariya, ga wuta ba tabbas, 'yan sa'o'i sun isa ya lalace. Abin da ta rage a zubar.

Na san kuɗinsa ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Ba dole sai shi ba. Tukunya ta isa. A tafasa tarkacen naman da kayan cikin har jan ya ɓace. Kada a sa gishiri ko dunƙule. Kada a kusanto da albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini. A cire ƙashi, don dafaffen ƙashin kaza na tsagewa ya soke maƙogwaro. Nono ma sai wanda aka dafa: a 2024 kyanwoyi sun mutu a wata gonar shanu a Texas bayan sun sha ɗanyar madarar shanun da suka kamu da murar tsuntsaye.

Kada tsoro ya sa a kori kyanwa ko a sa mata guba. Wannan wani bala'in ne. Gidan da babu kyanwa na ɓeraye ne, ɓera kuma shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda ke tsananta a lokacin rani. Kuma dukanmu mun ji hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta ɗaure ta hana abinci. Haƙƙinta na wuyanmu. Ƙosasshiyar kyanwa ma tana farauta.

Idan kaji suka fara mutuwa bi da bi a gida, kada a yanka a sayar, kada a jefa a kwata ko bayan ganuwa inda muzurai ke kiwo. A haƙa rami mai zurfi a binne, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. A kulle kyanwa nesa da akurki. Idan ita ce ta kwanta, a raba ta da yara, a ɗauke ta da leda a hannu, a wanke hannu da sabulu. Kada a ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru. A kai ta ranar da aka ga alamar, kuma a faɗa wa likita abin da ta ci.